Minti Ɗayan da Na Roƙi 'Yar Baba Halil

Guangzhou, ƙasar Sin.

Zuwa ga ƙanwata Najiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya a Istanbul, ke da abokan karatunki. Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa, ya sauƙaƙa miki sanyin da kike ta yi mana ƙorafi a kai. Ni lafiyata ƙalau. Na yi waya da Umma ranar Juma'a, ƙafar ta yi sauƙi har ta koma yawon barka da suna, kin dai san halinta. Jumai da yara ma suna lafiya, Fawaz ya fara tafiya, kofunan gidan sun shiga uku.

Najiba, wani nauyi ne ya sa na zauna rubutu maimakon waya, don na san muryata ba za ta kai ƙarshen maganar ba. Kin tuna yadda nake tsokanarki da "bir dakika", abin da kike ce wa 'yan ɗakinku in na kira, wato su jira ki minti ɗaya? Har cewa nake shi ne duk Turkancin da kika koyo. To ashe ni zai yi wa rana.

A wajen baje kolin Pazhou na haɗu da wani dattijo Baturke, Baba Halil, mutumin Bursa, ya zo duba injinan saƙa. A wani lungu muke haɗuwa sallar azahar, kowa da kwalinsa a madadin darduma. Ba ya jin Turanci, ni ba na jin nasa, amma kullum sai ya cusa min busasshen ɓaure a hannu yana hararata in na ce na ƙoshi. Ranar Talata muna sallamewa ya dafe ƙirji ya zame. Ma'aikatan wajen suka kira motar asibiti. Ya riƙe hannun rigata ya ƙi saki, dole na shiga motar da shi.

Muna hanya wayarsa ta yi ƙara, hoton wata yarinya sa'arki ya fito, kamarsu ɗaya da shi, da gani 'yarsa ce. Na ɗauka. Tana jin baƙuwar murya da jiniya ta rikice, ta yi ta zuba magana, ba abin da nake ganewa sai "Baba". Na gwada Turanci, ba ta ji. Sai bakina ya ce mata bir dakika. Wallahi sai ta yi shiru, ta ɗauka ta samu mai jin yarensu. Ta jira, ni kuwa ba ni da kalma ta biyu. A asibiti suka shige da shi suka bar ni a tsaye da waya a kunne. Na tambayi ma'aikatan ko akwai mai jin Turkanci, suka ce "mei yo", babu. Duk sanda ta ɗaga murya sai in sake ce mata bir dakika, ita kuma ta sake jira. Ban taɓa jin na zama marar amfani irin na ranar ba. Ni da nake cika baki na iya ciniki da kowane irin mutum a duniya!

Da likitan ya fito ya girgiza kai, ban buƙaci tafinta ba. Tana can tana jira, ina jin numfashinta. Na buɗe baki zan sake roƙon minti ɗaya, na ga ba sauran abin jira. Sai na ce inna lillahi. Cikin kuka ta ƙarasa, wa inna ilaihi raji'un. Wayar ta katse.

Mutanen ƙasarsu sun zo sun karɓi gawar. A wajensu na ji sunanta Sevde, suka ba ni lambarta, zan turo miki. Abokina Osmanu, ɗan Ghana mai tura mana kaya, ya ce in rubuta mata ta manhajar fassara, na ce wannan ba maganar da za a ba inji ba ce. Don Allah in kin gama jarrabawa ki je Bursa ki yi mata ta'aziyya. Ki faɗa mata da yarensu cewa da alwalarsa ya tafi, kansa yana kan cinyata a cikin motar, kuma na ji kalmar shahada a bakinsa da kunnena. Ki ce ba shi kaɗai ba ne. Abin da nake so in faɗa mata ke nan duk lokacin da nake sa ta jira, kuma har yau ji nake kamar tana kan layin.

Ki gai da ƙawarki Hawa, da Abdulrasheed na gidan Kawu in kun haɗu. Allah ya jiƙan Baba Halil, ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Ghali