Motata Ba Ta Cika Sai Na Kwana Biyu

'Yata mai shawara, ki taimake ni kafin babban ɗana ya raba ni da mabuɗin motata.

Shekarata sittin da takwas, jikoki goma sha ɗaya. Bara na rabu da tsohuwar motar marigayi maigidana, na sayi 'yar ƙarama mai caji, wadda ba ta shan mai, ba ta tari. Da ita nake zagaya 'ya'yana, kowa da garinsa. Boko ban yi nisa ba, amma soket kam na karance shi. Na bakin babbar hanya, mai waya kamar damtsen jariri, kafin in shanye shayina ya cika ta. Na otal yakan ci rabin yini. Na cikin gida kuwa, irin wanda ake jona dutsen guga, tafiyar hawainiya yake, kwana biyu cur.

Makon jiya a gidan autata na zare filogin firjin da ke baranda, na jona doguwar waya, rabinta a nannaɗe, na ja ta har gindin mota. Kashegari soket ya yi baƙi, baranda tana warin roba, naman da surukina ya adana duk ya saki. Shi dai sai kallon firjin yake kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Ashe ya kira babban nawa. Yanzu ɗan nawa ya ce wai na tsufa, wai in kawo mabuɗi a samo mini direba. Mutumin da ni na koya wa riƙe cokali. Ba zan bayar ba, ya yi ta hucinsa.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Akwai wurin caji mai sauri a bayan layin su autata, na san shi sarai, da gangan nake wuce shi. In mota ta cika cikin awa ɗaya, ana gama gaisawa za a fara yi mini a sauka lafiya. In kuwa tana tsotsar wuta a hankali, wa zai sallami tsohuwa da mota rabin ciki? A nan nake samun damar tsefe wa jikata, takwarata, kai, ina tsokanarta wai na fi ta kyau. Ni dai ba zan roƙi wurin kwana a gidan da ni na haifi matar gidan ba.

Yaya zan yi in tsira da mabuɗina?

Kaka Mai Doguwar Waya

AMSA

Kaka, ina gaishe ki. Mabuɗi naki ne. Wadda ta san soket uku da halin kowanne ba ta rikice ba.

Sai dai ɗanki tsoro ne ya motsa shi, kuma yana da gaskiyarsa. Mota tana jan wuta awanni ba hutawa, tsohon soket da nannaɗaɗɗiyar waya kuwa zafi suke ɗauka. A wannan gidan takwarar taki take kwana. Ki yar da doguwar wayar nan yau. In dole sai soket ɗin gida, mai gyaran wuta ya fara dubawa, ki jona wayar motar kai tsaye, ki riƙa taɓa filogin, da kin ji zafi ki cire. Surukinki kuma ki ba shi haƙuri, ya yi miki kara.

Sauran ba aikin lantarki ba ne. 'Ya'yanki sun ɗauka ba ki san abin da kike yi ba, shi ya sa suke neman mabuɗin. Gaskiyar da kike ɓoyewa ita za ta tsare miki shi. Ki faɗa wa ɗanki da gangan kika yi, ki faɗa masa dalili. Sannan ki cika motarki a bayan layi, ki ajiye ta a ƙofar autarki da cikinta fam, ki sauke jaka, ki ce kwana uku za ki yi. Ba na jin akwai mai ce miki a sauka lafiya.

Allah ya ƙara lafiya, ya bar ki da sitiyarinki.