Rubutun Mama a Jikin Ginshiƙi

Himi, Lardin Toyama,
Tsakiyar watan Mayu.

Zuwa ga Yayana Shunpei,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Mizuho da ɗan jaririnku Itsuki wanda har yau a waya kaɗai nake ganinsa. Kullum da safe idan na ajiye wa Mama shinkafa da ruwa a gaban hotonta na kunna turare, ina roƙa muku lafiya da kariya a can Meziko. Mu ma nan muna lafiya. Gwiwar Kaka ta yi sauƙi tun da sanyi ya wuce, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Ni na shiga ƙaramar sakandare. Rigar makarantar ta yi mini yawa, kuma ban yi ƙawa ba tukuna, amma akwai wata da muke cin abincin rana kusa da juna.

Yaya, ka san ba na iya magana a waya, da ka ce "Nodoka, yaya dai?" sai komai ya gudu daga kaina. Shi ya sa na rubuto. Maganar Baba ce, kuma ina so ka karanta har ƙarshe kafin ka kira shi.

Tun da ya bar masana'antar zubin ƙarfe ta Takaoka don jinyar Mama, ka san bai koma aiki ba. Bayan rasuwarta kuma ga girgizar ƙasa ta karkatar da gidanmu, aka manna mana jar takardar hana shiga a ƙofa, muka dawo gidajen wucin gadi na bayan filin wasa. Kai ba ka ga zamansa a nan ba. Yakan wuni yana fuskantar bango, talabijin tana ta magana ita kaɗai. Ko kifi Kaka ta gasa masa, sai ya tsakura ya ture. To, a farkon shekarar nan ne ya tashi da kansa ya sayo na'urar ɗaukar siffa, irin wadda ya saba aiki da ita a masana'anta. Kamar dutsen guga take, ana riƙe ta a hannu, tana fitar da shuɗin haske. Idan ya zagaya abu da ita, sai abin ya fito a kwamfuta da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, ka juya shi ta ko'ina kamar yana hannunka. Ya ce sana'ar da zai kafa ke nan: gidaje da yawa za a rushe a garin nan, mutane za su so a ɗaukar musu abin da ba za su iya tafiya da shi ba. Kaka ta ce, "Oho, wato yanzu fatalwar kaya za ka riƙa sayarwa?" Yaya, sai ya yi dariya. Na manta yadda dariyarsa take, har na leƙo daga kicin don in tabbatar shi ne. Ya aske gemu, ya buga ƙananan katuna masu sunansa. Ya gwada na'urar a kan butar shayi, da takalmina, da kunnen Kaka, tana ta cewa idan ya ƙona mata kunne sai ya biya.

Ya ce aikinsa na farko na gida ne: ginshiƙin tsakar ɗakinmu, inda ake auna mu kowace Ranar Yara. Naka layukan Baba ne ya tsaga su da wuƙa, don lokacin Kaka ce mai gida kuma ta ce haka aka yi wa kowa. Nawa kuwa Mama ce ta ja su da fensir, don ta ce ba za a ƙara ji wa icen ciwo ba. Kuma ba ta taɓa jan layi ta bar shi haka ba, sai ta rubuta wani abu a gefe. "Haƙorin gaba ya fita." "Ta ƙi cin karas." "Yau ta gaishe da mai kawo wasiƙu da kanta."

An ba shi izinin shiga gidan na ɗan lokaci, da hular kwano a kansa, ni ina makaranta. Ashe na'urar ba ta ganin abu mai sheƙi, ginshiƙin nan kuwa hannuwa da tsumman Kaka sun goge shi har yana ƙyalli. Sai Baba ya yi abin da hannunsa ya saba yi wa ƙarfe shekara da shekaru: ya fesa masa farar hoda tun daga sama har ƙasa, sannan ya ɗauka. A masana'anta ba ruwan kowa da launi ko rubutu, siffa kaɗai ake nema. Ya duba a gurguje, ya ga ginshiƙi ya fito cas, ya dawo gida yana fito da baki.

Ranar rushewa muka tsaya a bakin titi mu uku. Shugaban masu aikin, wani dattijo mai suna Kuwabara, ya zo ya sunkuya ya gaishe mu, ya ce ya ga alamun yara a jikin ginshiƙin, idan muna so za su yanko mana wajen kafin a kwashe. Baba ya dafa jakar kwamfutarsa ya ce, "Kada ku wahalar da kanku, yana nan ciki gaba ɗaya, ko tsagar gashi ba ta ɓace ba." Da alfahari ya faɗa, Yaya, irin na mutumin da ya daɗe bai sami abin alfahari ba. Kafin la'asar gidan ya zama fili, motoci sun tafi da katakon inda ake niƙa shi.

Washegari ya kira mu ya nuna mana. Ginshiƙi ne fari fat yana juyawa a fuskar kwamfuta. Ga layukanka duka, har inda wuƙar ta zame. Na matso ina neman nawa. Baba ya ƙara girman hoton, ya juya, ya sake juyawa. Babu komai, sumul. Fensir ba ya tsaga ice, hodar kuma ta rufe shi. Kaka kuwa, da bakinta ba ya hutawa, ta tashi ta shiga kicin ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba. Baba ya ruga wajen niƙa katako, suka ba shi haƙuri, suka ce an riga an gama. Mun bincika wayoyinmu duka. Akwai hotuna da ginshiƙin ya fito a bayanmu, amma daga nesa, ba a iya karanta komai. An ce da na sani ƙeya ce, yanzu na gane abin da ake nufi.

Ya mayar da na'urar cikin akwatinta ya tura ƙarƙashin shimfiɗa, ya koma fuskantar bango. Wata tsohuwa, Orihashi, ta kira har sau nawa tana so a ɗauki kwalekwalen katakon marigayi mijinta kafin a fasa shi, bai ɗaga ba. Kaka ta ce masa, "Kai da ka ɓatar da rubutu, so kake ka haɗa da uban yarinyar?" Ni kuwa a banɗakin makaranta nake kukana don kada ya ji. Rubutun ya yi mini ciwo ƙwarai, amma bayansa da nake gani kullum ya fi ba ni tsoro.

Da Ranar Yara ta zo, na roƙi wani guntun katako dogo a wajen maƙwabcinmu, don ba a yarda a yi zane a bangon gidajen nan ba. Na jingina shi, na tsaya a bayan Baba na daɗe, har ƙafata ta yi sanyi, sannan na ce, "Baba, ba a auna ni ba." Ya juyo ya kalle ni kamar daga barci. Ya laluba wuƙarsa a aljihu, sai ya mayar, ya ce in kawo fensir. Ya tambaye ni me Mama ta rubuta a layin ƙarshe. Na ce, "Ta kusa kamo ni." Sai ya jawo kwamfutar. Ashe akwai wata tsaga ita kaɗai a ɗaya gefen ginshiƙin, da ban taɓa sanin ta wane ne ba. Ya ce ranar da ya kawo Mama gidan tana amarya, Kaka ta ce ta cika gajarta, shi ne ya tsayar da ita da wasa ya tsaga tsayinta. Wannan tsagar kam na'urar ta gan ta. Ya karanta awon, ya auna a jikin katakona, ya ja layi. Sannan na cire silifa na tsaya, ya ɗora littafi a kaina.

Yaya, na wuce ta. Da kamar faɗin yatsa ɗaya. Na wuce Mama, kuma ba ta gani ba. Baba ya riƙe fensir ɗin a gefen layin ya daɗe yana son ya rubuta wani abu, bai iya ba, sai ya kifa goshinsa a jikin katakon. Kaka ce ta karɓa ta rubuta da karkataccen rubutunta: "Har yanzu ba ta cin karas."

Ran Litinin ya je wajen kwalekwalen. Kafin ya taɓa kwalbar hoda, ya zaunar da tsohuwar ya tambaye ta ko akwai rubutu ko fenti ko wani tabo da take so, ya ɗauki hotuna ta kowane lungu. Bai dawo yana fito da baki ba, amma ya cinye abincinsa.

Roƙona biyu ne. Idan ka kira shi, ka tambaye shi labarin kwalekwale, kada ka ambaci ginshiƙi sai in shi ya fara. Na biyu, ka girme ni, ka karanta rubutun nan tun kafin in iya karatu. Duk wanda ka tuna, ko rabin magana ne, ka rubuto mini. Na tuna guda biyar, sauran suna ta zille mini, kuma akwai wuri da yawa a jikin katakon.

Ka gaishe mini da Anti Mizuho, ka ce na gode da safar da ta aiko. Ka sumbaci Itsuki. Kaka tana gaishe ku, ta ce a daina ba tattaɓa-kunnenta barkono. Idan ya fara tsayuwa, ku auna shi, Yaya, da wuƙa da fensir duka.

Ƙanwarka mai kewarka,
Nodoka