Bashin da Baba Ya Ɗauka a Gaban Gawarka

Hamma Buba,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da ranka ma ba ka cika amsa saƙona ba, don haka bambancin kaɗan ne.

Gida lafiya, in amsar da ake ba baƙi kake so. Kekenka yana wurin mai gyara, yadda tirela ta bar shi. Takardar digirinka tana bango, Inna tana goge ta duk Juma'a.

Kafin a yi maka salla, liman ya tambaya wa zai ɗauki bashinka. Baba ya ce ya ɗauka, da ƙarfi, kowa ya ji. A zatonsa kuɗin mai shayi ne da na mai faci. Bayan sadakar bakwai mutanen bankin rance suka zo. Sun iya ta'aziyya ƙwarai. Da suka gama, suka karanta masa abin da ka ci don karatu, da kuɗin ruwan da ya hau.

Ka tuna mun ce masa tallafi ka samu? Ni na tsara wannan ƙaryar, kai maimaitawa kawai ka yi.

Na nuna wa Baba cewa ba shi ya sa hannu ba, doka ba ta kama shi. Ya ce ba a gaban doka ya yi magana ba, a gaban gawarka ya yi, kuma mai bashi ba ya hutawa a kabari. Bijimanmu biyu sun tafi kasuwar shanu. Ba su isa ba. Gonarmu ta Mayo Bani ce a layi, mai saye zai zo ranar Talata. Me za su ci baɗi, Hamma?

Nawa bashin yana nan, yana girma lafiya. Kai ne ka tsaya mini, yanzu ba ni da kowa a takardar. Ina zaune ƙarƙashin lema da na'urar cire kuɗi, ina ƙirga kuɗin mutane da digirin tattalin arziki.

Jiya Baba ya tambaye ni ko ni ma ana bina wani abu. Yana so ya sani tun yana da abin sayarwa. Gidan da muke ciki kaɗai ya rage. Na dubi idonsa na ce a'a.

Allah Ya ji ƙanka, Ya sa ka huta. An saya maka hutun da tsada.

Ƙanwarka,
Dija