Dunƙulen Sukari a Ɗaki Mai Taya Biyu

Tagunsa, Talata, 21 ga Nuwamba

Zuwa ga Nuhaila, sanyin idona, ƙamshin na'ana'ar shayina, hasken da ke riga rana leƙowa ta bayan duwatsun nan, wadda ambaton sunanta kaɗai ke sa wannan ɗakin ƙarfe ya yi ɗumi. Aminci ya tabbata a gare ki, da gidan da kike ciki, da duk hanyar da ƙafarki ke bi.

Yau kwana goma sha tara ke nan ban ji daga gare ki ba. Na san adadin domin kullum bayan la'asar nakan hau tudun da ke bayan makaranta, in tsaya ƙarƙashin ɓauren da shi kaɗai ne wurin da waya ke kamawa a ƙauyen nan, in ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa, in sauko ba komai. Ban ga laifinki ba. Kin rubuto mini cewa ran talatin ga wata za ki miƙa takardar zaɓen garin da za a tura ki aikin ungozoma, kuma kina son sanin abin da za ki rubuta: Asfi, inda ni da ke muke, ko Tanja, wurin yayarki. Kika ce abu ɗaya za ki ji daga bakina, wace rana zan kawo mahaifiyata gidanku neman aurenki. Ni kuwa me na ce? "Bari mu ga yadda abubuwa za su kasance." Wayyo Nuhaila! Na karanta amsar nan tawa ya fi sau talatin, kuma ko sau ɗaya ban ga abin da mace za ta riƙe a cikinta ba.

Bari in fara gaya miki inda nake zaune, domin kwana arba'in da uku ina ce miki "lafiya lau" ba tare da na nuna miki komai ba. Ɗaki ne irin wanda ake ja da mota, tayarsa biyu, tsawonsa mita biyar da rabi, faɗinsa biyu da kwata. Ƙungiyar da ta kawo mu aikin sa kai bayan girgizar ƙasa ta ajiye shi a masussukar ƙauye, aka tokare shi da duwatsu. Mu biyu ne a ciki, ni da Radwan, ma'aikacin jinya daga Wajda, mutumin da idan ya juya a gadonsa sai ɗakin duka ya juya tare da shi. Da safe tururin numfashinmu kan daskare a rufi, da mun kunna gas don dafa shayi sai ya narke ya dinga ɗigo mana a ƙeya. Ƙasan wurin ba daidai yake ba, kofi kan zame a hankali daga wannan gefen tebur zuwa wancan. Don haka kowace safiya nakan ɗora ma'aunin magina a ƙasa, in fita in ƙara tsakuwa ƙarƙashin taya har sai ɗigon iskar ya zauna tsakiya. Radwan ya ce ranar da za a sa ni a kabari ma sai na tashi na duba ko kwanciyar ta yi daidai.

A cikin wannan akwati nake tunaninki. Ina kallon tuffa ta ƙarshe da ta rage a bishiyar da ke gefen tagarmu, ja, ita kaɗai, iska na kaɗa ta ta ƙi faɗuwa, sai in ce ga Nuhaila. Ina zuwa ɗiban ruwa a marmaro in ga tsakuwa a ƙasansa ɗaya bayan ɗaya, sai in tuna idanunki, waɗanda ba su taɓa ɓoye mini komai ba. Na so in rubuta cewa muryarki ta fi ruwan nan sanyi, sai na tuna na auna shi, digiri tara ne, yana sa haƙori ciwo, muryarki kuwa ba ta taɓa sa mini ciwo ba sai ranar da ta yi shiru. Kin gani? Ko yabonki ba na iya yi sai na koma na duba. Wa zai so mutum irina in ba ke ba?

Kin tuna ranar da kika rako ni tashar mota a Asfi? Kin zo da kifin sadin gasasshe a naɗe cikin takarda, iskar teku na fizgar mayafinki, kina riƙe shi da haƙori don hannuwanki biyu na cike da kayana. A nan kika fara yi mini tambayar. Na ce sai na samu aiki, wata shida zuwa takwas, in komai ya tafi daidai. Kika saki mayafin kika yi dariya, irin dariyar da ba ta kai ido ba, kika ce, "Zuhair, rana na tambaye ka." Motar ta tashi ina ta shirya amsa a raina. Har muka wuce garin Shishawa ban gama shiryawa ba.

Yanzu ga abin da ya faru, wanda ya sa na ɗauki biro.

Aikina a nan shi ne duba gidajen da ba su faɗi ba, in rubuta wanda za a iya komawa ciki da wanda sai an rushe, babbar injiniyarmu da ke zuwa duk Asabar ta duba ta sa hannu a ƙasan nawa. Idan bango ya tsage, mukan shafa ɗan filasta kamar faɗin tafin hannu a kan tsagar, mu rubuta kwanan wata. In bangon na ci gaba da motsi, filastar za ta dare. In ta zauna lafiya, bangon ya tsaya. Akwai wata tsohuwa, Lalla Ijja, wadda mijinta Dadda Bihi ya rasu a girgizar, rufin garken awaki ya faɗo masa. Gidanta na tsaye, sai tsaga ɗaya a bangon tsakar gida, daga kusurwa zuwa kusa da tanderunta. Ran sha biyu ga Oktoba na shafa filasta uku, na ɗaure ƙofar da jan ƙyalle, na ce kada kowa ya shiga sai na faɗa. Ta koma tanti tare da 'yarta da jikokinta.

Duk mako nakan shiga in duba. Mako na farko filastar lafiya, na biyu lafiya, na huɗu ma lafiya. Duk lokacin da na fito sai in tarar da ita a bakin tanti tana kallona, in ce, "Lalla, mu ƙara mako ɗaya." Mu'allim Lahsan, maginin ƙauyen, wanda ya gina rabin gidajen nan da hannunsa, ya sa mini suna Injiniya Mako-Ɗaya. Ya ce bangon ya gama maganarsa tun tuni, ni ne ban gama jin tsoro ba. Ban musa ba. Ina ganin sa hannuna a takarda, ina ganin bangon a kan jikokinta, sai biron ya yi mini nauyi.

Tun zuwanmu kuwa, kowace safiya ana ajiye mana gurasa mai zafi a matakalar ɗakinmu, a naɗe cikin tsumma, irin wadda ake gasawa a kan tsakuwa. Ba mu taɓa tambayar daga ina ba, kin san ba a tambayar irin wannan. Talatar da ta wuce na canja lokacin dubawa, na je da hantsi maimakon yamma. Na sa hannu a bango sai na ji ɗumi. Na duba filastar ƙasa, sai na ga gefenta ya yi baƙi da hayaƙi. Tanderun na da wuta a ciki, Nuhaila! Jan ƙyallena na ɗaure a ƙofa yadda na bar shi, ita ta bayan garke take shiga. Kwana talatin da uku tana tsugunawa a gindin bangon da na hana kowa kusanta, ni kuma ina zaune a ɗakina ina dangwala gurasar a man zaitun ina cewa Allah ya yi wa mai ita albarka.

Na same ta a tanti na fara yi mata bayani, ina kawo milimita da nauyin rufi, Mu'allim Lahsan na fassara mata inda ɗan yaren ƙauyen da na iya ya gaza, yana ƙara nasa gishirin. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Ɗana, in gidan zai kashe ni, ka ce zai kashe ni, a rushe shi in san ba ni da gida. In ba zai kashe ni ba, ka buɗe mini ƙofata. Wannan mako ɗayan naka ba ya hana sanyi shiga tanti." Ta nuna mini kan dutse, inda dusar ƙanƙara ta riga ta sauka tun farkon wata, kowace safiya tana ƙara gangarowa.

Ba muryarta kaɗai na ji ba, har da taki. Ni a zatona jira shi ne wurin da babu mai cutuwa. Ashe ni kaɗai ne ba na cutuwa a cikinsa. Tsohuwa na kwana a kan tabarma mai danshi don kada hannuna ya yi kuskure, ke kuma kina riƙe da takarda da gurbi ɗaya babu komai, don kada bakina ya faɗi abin da ban gama aunawa ba. Ya Nuhaila, yaya aka yi na kira wannan abu hankali?

Kada ki ɗauka na rufe ido na sa hannu, kin san ba zan iya ba. Kwana uku na yi a gidan. Na hau rufi na soki kowace azara da wuƙa, na samu ɗaya ta ruɓe a kai, muka canja ta. Mu'allim Lahsan ya ɗinke kusurwar da dogayen duwatsu, yana aiki yana tambayata ko in auna tarin da ya yi. Ran Asabar injiniyarmu ta duba ta ce da ita ce da tun mako biyu da suka wuce ta buɗe. Ran Lahadi da ƙarfe goma da minti ashirin na kwance jan ƙyallen da hannuna. Ba zan iya rantsewa ƙasa ba za ta sake motsi ba, babu mai iya wannan sai Allah. Abin da na sani shi ne bangon ya tsaya kwana talatin da takwas ana kallonsa, kuma sanyi na zuwa ko na sa hannu ko ban sa ba.

Da yamma Lalla Ijja ta aiko a kira ni. Ta ba ni shayi mai tazargade a ɗakinta, a kan shimfiɗarta, sannan ta buɗe wani akwati. Cike yake da dunƙulen sukari, waɗanda mutane suka kawo mata gaisuwar rasuwar Dadda Bihi, kowanne a cikin shuɗiyar takardarsa. Ta zaɓi wanda takardarsa ba ta yage ba ta ɗora mini a cinya. Ashe duk ƙauyen sun san abin da ke kai ni gindin ɓaure, Radwan bai bar ko alfadari bai gaya masa ba. Ta ce, "Wannan da kuka ya shigo gidana. Ka kai shi gidan yarinyar nan ya fita da guɗa. Kada kuma ka ce wa ubanta mako ɗaya."

Ga shi nan a gabana yanzu. Kilo biyu ne. Na rataye shi da igiya a ƙugiyar rufi saboda tururuwa, na lulluɓe shi da leda saboda ɗigon safe, duk juyin da Radwan ya yi sai ya yi lilo a saman kaina.

To saurara, farin cikina, zan faɗa ba tare da wataƙila ba. Aikina a nan zai ƙare ran sha biyar ga Disamba. Ran Juma'a, ashirin da biyu ga Disamba, bayan sallar la'asar, ni da mahaifiyata da kawuna Abdussalam za mu ƙwanƙwasa ƙofar gidanku da wannan sukari, kamar yadda masu neman aure ke yi. Jiya na kira mahaifiyata daga gindin ɓaure na gaya mata, ta ce jallabiyarta na ɗinke tun ƙaramar salla, ni kaɗai ake jira. Har yanzu ba ni da aiki, kuma haka zan gaya wa mahaifinki in ya tambaya, ba ƙari ba ragi. Ina jin tsoro, wannan ma ba zan ɓoye miki ba. Amma na gwammace in ji tsoron a zauren gidanku da in zauna lafiya a inda babu ke.

Ki rubuta Asfi, Nuhaila. Ina roƙonki, ki rubuta Asfi. In kuma shirun nan naki ya riga ya zama amsa, in na makara, ki faɗa mini kai tsaye, ba zan ce kin zalunce ni ba. Sai dai ki sani ran ashirin da biyu zan zo duk da haka, sai in ke da bakinki kika ce kada in zo.

A takarda na rubuta don sau huɗu ina rubutawa a waya ina gogewa, takarda kuwa ba ta ba ni wannan dama. Direban motar siminti zai sa ta a gidan waya a Marrakesh gobe, ya kamata ta iso ki cikin kwana huɗu, saura kwana huɗu kafin talatin ga wata. Duk da haka zan ɗauki hotonta in turo miki daga gindin ɓaure yau da la'asar. Kin san ni.

Naki ne ni a wannan ɗaki mai karkata, naki a duk ɗakin da Allah zai zaunar da mu bayansa, har ranar da za a kwantar da ni in kasa tashi in duba.

Zuhair