Sunayen Bangon Zaure

Asabar, 3 ga Safar

Jan fenti ya iso layinmu. Hukuma sun zana alamar rushewa a bangon mai burodi, sun zana a na Hajiya Asma'u, namu kaɗai suka tsallake. Wai akwai kwamitin da zai zo ya duba. In sun ga gida ne mai tarihi, su sa shi a rajista, ba mai taɓa shi. In ba haka ba, katafila. Ƙanena Sufyan sai washe baki yake kamar an riga an gama. Na ce masa ya bari su zo tukuna.

Litinin, 5 ga Safar

Na wuni shara. Shekara hamsin da takwas a gidan nan, yau na fara kallonsa da idon baƙo.

Kakanmu Malam Mailafiya ne ya gina shi da dutse. A ƙasa ya taho daga Katsina, shekara bakwai a hanya, ya yi noma a Sudan, ya haƙa rijiya, har ya iso Makka. Duk unguwarmu ta Misfala ban san wani gida mai zaure irin na ƙasar Hausa ba sai namu. Larabawan layi har tsayawa suke su leƙa.

Allah sarki, lokacin Hajji! Zaure cike da baƙi, tabarmi har bakin ƙofa, ƙamshin daddawa da kukar da suka ƙunso daga gida. Kaka ba ya karɓar komai a hannun baƙo, amma yana da doka ɗaya: ba ka fita sai ka rubuta sunanka da garinku a bango. Tawada da alƙalamin kara suna kan ƴar kantar katako a saman ƙofa. Wanda bai iya rubutu ba, Kaka ya riƙe masa hannu. A bangon nan na fara haɗa baƙi tun kafin a kai ni makaranta. Daura, Gumel, Damagaram, Maraɗi. Na ɗauka duk unguwanni ne a bayan dutsen can.

Talata, 6 ga Safar

Gwiwa ta hana ni zuwa Harami. Tun safe muryar Inna nake ji a kunnena, Allah ya jiƙanta.

Alhamis, 8 ga Safar

Sun zo, su biyu. Babbansu Talal, mai ladabi, har takalmi ya cire. Ya kalli tagogin alminiyam, ya kalli tayil, ya ƙwanƙwasa bango. Ya ce, "Ya khala," kamar dai a ce gwaggo, "gidajen dutse muna da su da yawa. Me ya bambanta wannan?"

Sufyan, bakin nan nasa da ba ya rufuwa, ya kwashe labarin sunaye ya ba shi. Mutumin ya miƙe zumbur. "Fen? Ina suke?"

Sufyan ya kalle ni. Ni kuma na kalli bango, fari fes.

Ya ce in rubutun yana nan a ƙarƙashi, akwai magana. Ya ba mu sati biyu.

Juma'a, 9 ga Safar

Sufyan ko kallona ba ya yi. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

To, ni ce. Ba wanda zai karanta wannan, bari in rubuta. Shekara goma sha ɗaya ke nan, lokacin da dangin Marwan za su zo neman auren ƴata Nuf. Su ma asalinsu namu ne, amma sun daɗe da daina jin Hausa, gidansu marmara har bayi. Na kalli zauren nan, baƙi ƙirin da tawada tun daga ƙasa har sama, sai na ji kunya. Kunyar da nake ji tun ina yarinya, in ƴan ajinmu sun ce min takruniyya, wato ƴar takari. Na kira mai shafe.

Inna ta zauna a bakin ƙofa da carbinta. Ta ce, "Dije, baƙin kakanki za ki binne?" Na ce, "Khalas, Inna, zamani ya canza." Ta ci gaba da jan carbinta.

Abin haushi, surukan ko zama ba su yi a zauren ba. Sama suka wuce kai tsaye.

Lahadi, 11 ga Safar

Sufyan ya zo da guduma da kurfi. Mun fasa wuri huɗu. Dutse tsirara, ko ɗigo babu. Sai na tuna: mai shafen kankare bangon ya yi kafin ya zuba siminti, wai don ya kama da kyau. Ni ce na tsaya a kansa ina cewa ya kankare sosai, ba na son aikin ha'inci. Kai, Dije!

Laraba, 14 ga Safar

Nuf ta zo, wai taya mu. Wannan da ko tsintsiya ba ta ɗauka. Amma ita ce ta ce, "Ummi, wannan katakon fa, an taɓa cire shi?" Kantar Kaka. Mai shafen ya yi ƙyuya, ya zagaye ta, ya rufe gabanta da falanki.

Muka ɓamɓare. Sai ga sunaye tara. Tara, a cikin ɗaruruwa. Ga kwalbar tawada ta bushe ƙayau, ga alƙalami a gefe.

Nuf ta hau kujera tana karantawa da bakin Larabawa, duk ta murɗe sunayen mutane. Na yi dariya har na riƙe ciki, daga nan kuma sai kuka. Ɗanjuma na Gumel, na tuna shi! Dogo, shi ya ba ni alewar ɗinya, ya ce in na girma in zo garinsu. Nuf ta ce, "Wen Gumel?" wai ina Gumel take. Wallahi ni ma ban sani ba.

Alhamis, 22 ga Safar

Talal ya dawo. Ya daɗe a kan kujera yana ɗaukar hoto. Da ya sauko ya ce, "Ya khala, da a ce bangon duka..." Ya ce zai kai rahoto, amma kada mu sa rai. Na ba shi shayi, ya sha.

Litinin, 26 ga Safar

Sun zana.

Alhamis, 29 ga Safar

An kwashe kaya zuwa unguwar Hindawiyya, hawa na uku, wajen Sufyan. Ba laifi, akwai iska. Hajiya Asma'u ta riga mu tafiya, ko sallama ba mu samu yi ba.

Da la'asar na ce Nuf ta dawo da ni, wai na manta butata. Ban manta komai ba. Na ɗiga ruwa a kwalbar Kaka, na jujjuya da tsinke, sai ga tawada ta farfaɗo, baƙa kamar jiya aka dafa ta.

Ba wani abu ba ne. Dokar gida ce kawai, ba a fita sai an rubuta. Na san sati mai zuwa bangon zai zama ƙura.

Na hau kujera da wannan gwiwar. A ƙarƙashin Ɗanjuma na rubuta Dije, sunan da ba wanda ya kira ni da shi tun rasuwar Inna, kowa sai Ummu Nuf. Wajen gari ne na tsaya. Katsina dai ban taɓa ganinta ba. Na daɗe alƙalami a hannu, tawada har ta ɗigo min a hannun riga. Na rubuta Misfala.

Da na sauko, Nuf ta karɓi alƙalamin ta hau. Ta gwada, ya ƙi, ba ta taɓa riƙe na kara ba. Ta juyo ta ce da Hausarta mai gargada, "Ummi, riƙe min hannu."

Na riƙe.