Kumfar da Kika Rufe da Ƙasa

Zuwa ga mahaifiyata, Iya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce 'yarki ta fari, wadda kika yi wa kunya har kika koma ga Allah ba ki taɓa kiran sunanta ba. Ki gafarce ni, yau da fushi na zo.

Kin tuna daminar da kike dawowa daga gonar shinkafa a Dagona, ƙafafunki a kumbure har takalmi ba ya shiga? Maƙwabta suka ce sanyin fadama ne. Aka jiƙa miki sassaƙe da kanwa, kika yi ta sha. Duk wanda ya tambaya, amsarki ɗaya: "Lafiya lau."

Na ga kumfar, Iya. Wata safiya na shiga bayan gida kina fitowa, na tarar fitsarinki ya yi kumfa kamar an zuba sabulu. Kin watsa mata ƙasa, ba ta rufu ba. Muka haɗa ido, kika kau da kai, ni ma na kau da nawa. Na koma ɗaki na buɗe littafina na soyayya, ina zubar da hawaye kan wata budurwar takarda da ciwon so ya kwantar, uwata kuwa ƙodarta na lalacewa a tsakar gida. Ba mu ji sunan ciwon ba sai da aka kai ki Nguru wankin ƙoda, lokacin an makara.

Wace irin kunya ce wannan? Wa ta tsare?

Wata bakwai da kawo ni Gashua, fuskata ta cicciko. Dangin miji suna ta tsokana, wai aure ya karɓe ni. Har daɗi na ji, ina kallon madubi kamar amaren littafi. Sai na ga kumfar nan a nawa fitsarin.

Likita ta gwada, ta ce furotin ne ke zuba, abin da ya kamata ya zauna cikin jini. Ta ce jiki na yin wani sinadari, endotelin, mai matse hanyoyin jini. Idan ya yi yawa a ƙoda sai ya takura matatarta har ta fara yoyo, yoyon kuma ya sa ƙodar ta ƙara yin sinadarin. Akwai maganin da ke tare shi, amma bai iso mu ba. Wanda ta ba ni ba a haɗa shi da juna biyu, dole in jinkirta haihuwa.

Kwana uku ina juya yadda zan furta kalmar fitsari a gaban surukata, mai jiran jika. A kwana na huɗu na durƙusa na faɗa. Ta ja gefen mayafi ta rufe baki, kamar yadda za ki yi. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe. Gobe kuma zan kai ƙanwata gwaji, ko tana so ko ba ta so.

Na san ba ƙin mu kika yi ba. Haka aka koya miki ƙauna, a yi ta da shiru. Har yanzu ina jin ɗumin hannunki da kike ɗora min a goshi idan kin zaci na yi barci.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa jinyarki ta zama kankarar zunubi. Ni kuma Ya tsare min abin da ya rage na ƙodata, Ya ba ni 'yar da zan kira da sunanta kowace safiya.

Taki har kullum,
Yagana. Sunana ke nan, Iya.