Inci Huɗu a Lungun Baba

Nasarawa Gwom, Jos
19 ga Disamba, 1977

Haladu,

"Yaya, kwantar da hankalinki. Asabar mai zuwa zan dawo da mai haɗawa, wallahi Baba ba zai ƙara kwana da sanyi ba." Ka gane mai wannan magana? Kai ne, washegarin Babbar Sallah, ƙafarka ɗaya a cikin mota. Asabar huɗu ke nan sun wuce.

To, ga gaisuwa, tunda an koya mana ita. Ina fata kana lafiya, da Kubra da yara, da ofis ɗin nan da ya fi ubanka.

Bari in tuna maka abin da ka yi, ko iskar Legas ta shafe shi. Likita ya hana a ƙara shigar wa Baba da kaskon gawayi, saboda shekara talatin na haƙar kuza sun cinye masa ƙirji. Sai ga ka da ƙaton kwali, ka ce kwandishan ce mai aiki biyu, ta ba da sanyi da bazara, ta ba da ɗumi da hunturu. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Ka kira Gwadabe magini. Ka auna na'urar da taƙinka, shi kuma ya auna bango da nasa, ya fasa. Ka gyara hula, ka tsaya kusa da ramin aka ɗauke ka hoto, ka tafi.

Kafin zuwanka Baba yana da ɗaki mai bango huɗu. Yanzu yana da uku da rabi. Na cusa buhu da tsofaffin jaridu da takardun jarrabawar 'yan aji shida, na tokare da faifai, amma iska tana samun hanya. Kwana biyun nan ruwan randa sai an ɗumama ake alwala. Tarin Baba har gidan maƙwabcinmu Mista Pwajok ake jin sa, jiya matarsa Ana ta aiko da bargo ba tare da na roƙa ba. Ka san yadda na ji da na karɓa?

Na'urarka tana nan a kwalinta cikin zaure, kaza ta fara ƙwai a kai. Na karanta ɗan littafin da ya zo da ita daga bango zuwa bango, kuma ina zaton ni kaɗai ce na buɗe shi. Shafi na uku ya ce bayanta yana bukatar fili ta sha iska. Kai da ka yi rarrafe a lungun da ramin nan yake kallo, faɗa mini ina filin yake.

Kullum Baba sai ya ce, "Yau ce Asabar ɗin Haladu?" Na gaji da yi maka ƙarya.

Wassalam.
Yayarka, Tabawa

*

Legas
28 ga Disamba, 1977

Zuwa ga Yaya Tabawa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi miki barka da hutun makaranta. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amin. Kubra da yara suna gaishe ku.

Takardarki ta iso, kuma na lura da zafin da ke cikinta. Ina so ki fahimci cewa ƙarshen shekara a ma'aikata ba kamar ƙarshen zango ba ne a firamare. Babban Sakatare ya yi tafiya, komai yana kaina.

Duk da haka na ɗauki mataki. Na yi waya da wani ƙwararre mai suna Anene, shagonsa yana unguwar Congo-Russia a Jos, shi yake haɗa wa manyan mutane irin wannan na'ura. Zai zo da zarar ya dawo daga Kirsimeti. Maganar fili kuwa, kada littafi ya tsorata ki. Masu rubuta shi sukan tsananta ne don kare kansu.

Wannan na'ura ko a nan ba kowa ke da irinta ba. Ina so Baba ya ga amfanin karatun da ya ba ni tun yana raye. Ki gaya masa ina nan tafe da na samu sarari.

Na sa hoton a ciki, ki nuna masa.

Ƙaninki mai biyayya,
H. Labaran

*

Nasarawa Gwom, Jos
9 ga Janairu, 1978

Haladu,

Salamu alaikum. Muna nan yadda ka bar mu, sai abin da ya ƙaru. Hoton ya iso, ramin ya fito da kyau.

Anene ya zo ranar Alhamis, mutumin kirki ne kuma ya san aikinsa. Da ya ɗora awo a ramin sai ya yi dariya, ya ce, "Madam, wane ne ya auna wannan?" Na ce mutum biyu, kowa da hannunsa. Ka manta hannun Gwadabe guntu ne. Aka sake kiransa ya faɗaɗa. Guduma ta biyu sai ga jar ƙasa tana zuba. Anene ya ce, "Ah, wannan ba bulo ba ne, ƙasa ne aka shafa masa siminti." Tsaga ta tashi daga bakin ramin har ƙarƙashin kwano. Sun tokare da katako.

Wannan duk mai sauƙi ne. Ka san ɗakin: bayansa dutse, gefe ɗaya bangon Mista Pwajok, ƙofa kuma tana can ƙarshen lungu, ba wata hanyar fita sai ta lungun. Da suka ɗaga na'urar su gwada, sai bayanta ya turo waje daidai ƙirjin mutum. Faɗin lungu inci talatin da shida ne, ita ta ci goma sha shida. Anene da kansa da zai koma tsakar gida sai da ya karkace.

Baba yana zaune bakin ƙofa cikin bargon Ana, yana kallo. Sai ya ce, "Gwadabe."

"Na'am, Baba."

"Makara za ta wuce nan?"

Gwadabe ya ce, "Haba Baba, wace irin magana ce wannan da rana tsaka? Kai da za ka ga auren jikokinka."

"Ban tambaye ka aure ba. Ɗauki igiya ka tafi masallaci."

Ya tafi, ya dawo da ƙulli a igiya. Faɗin makara inci ashirin da huɗu. Saura ashirin a lungu. Anene ya ce ai ana iya sauke makarar ƙasa, mutane su durƙusa su wuce da ita ta ƙarƙashin na'urar. Bai san da wa yake magana ba. Baba ya dube shi har sai da ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Yaro, ka san loto? Rami ne a tsaye kamar rijiya, a ƙasansa a yi hanya a kwance. Shekara talatin ina shiga da rarrafe ina fita da rarrafe. Na jawo mutum uku daga ciki ta ƙafa. Ta lungun nan aka fitar da uwar 'ya'yana a kafaɗa, a miƙe. Ba za a ja ni a ƙasa daga gidana ba."

Tari ya sarƙe shi, ban ji sauran ba.

Na ce su mayar da ita kwali. Anene ya ce shi kai ne ka kira shi, sai ya ji daga bakinka. Saboda haka ka aiko masa cewa an fasa. Gwadabe ya toshe ramin da tubali, in nemi ƙaramar hita ta lantarki irin wadda ke ofishinmu, mai waya ja guda biyu. Ba ta da kyan hoto, amma ba ta tare hanya.

Ka amsa da wuri. Allah ya sa ka ji.

Tabawa

*

Legas
16 ga Janairu, 1978

Yaya Tabawa,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fata jikin Baba da sauƙi.

Na yi mamaki ƙwarai. Ke da kike shugabar makaranta, ke da ɗakinki ya cika da littattafai, ki bari maganar makara ta hana a yi wa mai rai magani? Tsufa ne da tsoro. Idan ya kwana biyu cikin ɗumi zai manta. Hitar da kike faɗa kuwa tana busar da iska, kuma bargo yana iya kamawa da wuta. Na riga na yi waya da Anene cewa ya kafa ta ya ɗaure da siminti. Ni ne namiji babba a gidan, na ɗauki nauyin abin da zai biyo baya.

Yaya, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Da Sallah ban tafi don aiki ba. Kwana biyu na yi ina jin tarin nan ta bango, kowanne kamar ana kiran sunana. Ranar da na tafi kwaleji Baba ya raka ni tasha da jar ƙasa a gira, ya koma rami. Ni ne na ci ƙirjin nan. Idan na zauna gabansa ban san inda zan sa idona ba. Ki bar ni in yi masa abu ɗaya da zai ji a jikinsa.

Kada ki karanta masa wannan.

Haladu

*

Nasarawa Gwom, Jos
23 ga Janairu, 1978

Haladu,

Salamu alaikum. Na ba Malam Ishaku wannan takarda, gobe zai hau jirgin sama zuwa Legas, ya yi alkawarin sa maka ita a hannu. Ba za ka ɗora wa gidan waya laifi ba.

An bi umurnin namiji babba. Ranar Alhamis ina makaranta Anene ya kafa ta. Ina taya ka murna, tana aiki. Duk da shafi na uku, tana aiki. Ɗakin ya yi ɗumi kamar cikin tanda, kyanwar Ana ta tare a kan gadon.

Baba ba ya ciki. Kafin siminti ya bushe ya sa Gwadabe ya kama shi, suka bi lungun a karkace, ya shimfiɗa tabarmarsa a zaure. Ka san zauren, ƙofa biyu suna kallon juna. Na durƙusa na roƙe shi da girman Allah. Ya ce, "Nan ba abin da ya tare ni da titi." Na rataya barguna a ƙofofin, na kawo hitar ofis, amma kamar hura wa dutse baki ne. Ranar Asabar zazzaɓi ya rufe shi. Mista Pwajok ya ɗauko likita a motarsa. Likita ya ce sanyi ya shiga huhun da ya rage, a kai shi asibiti. Baba ya ce a'a. Likitan ya ja ni gefe ya ce in akwai wanda ya kamata ya zo, ya zo cikin makon nan.

Jiya da hantsi na ari guduma wurin Gwadabe. Baba ya gan ni zan shige, ya ce, "Tabawa, ajiye."

Na ce, "Baba, inci huɗu ne. Kafin azahar ka koma ɗakinka."

"Ina son ɗakina. Can uwarku Ladi ta cika, can nake so. Amma wanda ya sa, shi zai cire."

"To in bai zo ba fa?"

"Kayansa ne. Ai mutum yakan zo don kayansa."

Ka ji? Ka karanta da kyau, kai mai digiri. Ya san ba za ka zo don shi ba, shi ne ya riƙe ƙarfenka jingina. Yana kwance a bakin iska da ƙirjin da bai kai na ɗan tsako ba, don kawai ka tako.

Na karanta abin da ka ce kada in karanta masa, kuma ban karanta masa ba. Ka ce ba ka san inda za ka sa idonka ba. Ni ma karatun nan na ci daga ramin nan. Shekara shida nake wanke kwanon da yake tofawa, kuma na samu inda nake sa nawa idon. Kunyarka ba ciwo ba ce, Haladu, shi ne mai ciwo.

Na ba ka zuwa Juma'a, ashirin da bakwai ga wata, a sauko daga masallaci. Gudumar tana jingine a bakin lungu. In ka zo, kai za ka fara bugu yana ji, sannan ni da kai mu kama shi mu kai shi ɗakinsa. In aka sauko ban gan ka ba, zan saɓa wa Baba, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo. Zan fasa na'urar da hannuna, in mayar da shi gadonsa, in gaya masa gaskiya cewa babu sauran Asabar. Bayan haka ba zan ƙara rubuto maka ba. Abin da ya faru ka ji shi a sanarwar rediyo, tare da sauran jama'a.

Wassalam.
Tabawa